Ci-gaban Labarin Lisbeth Salander ko Fina-finan Sashen Q: Wanne Ya Cancanci Darenka da Datarka?

Duk wanda ya kalli *The Girl with the Dragon Tattoo* na ƙasar Suwidin, farkon labarin Lisbeth Salander, wanda ya fito a 2009, ko *The Keeper of Lost Causes* na Danmak na 2013, na farko a jerin Sashen Q, da wuya ya tashi bai nemi ci-gabansa ba. A nan ruɗani yake farawa. Sunayen suna kama da juna, akwai na asali akwai kwaikwayon Amurka, wani ci-gaban yana tsayawa da ƙafarsa, wani kuma rabin labari ne kawai. Guda uku ne suka fi taɓo rufa-rufar manya da cin zarafin marasa gata, kuma su zan auna a nan: *The Girl Who Played with Fire* na 2009, tare da cikonsa *The Girl Who Kicked the Hornets' Nest*, sai *The Absent One* na 2014, sai *Journal 64* na 2018, wanda a kasuwar Turanci ake sayar da shi da sunan *The Purity of Vengeance*.

Ma'aunan da zan bi

Na farko tsada. Kuɗin haya ko na biyan wata yana ciki, amma ga mai kallo da waya tsadar gaske ita ce data da lokaci. A lissafin da Netflix ke bayarwa, awa ɗaya tana cin kusan gigabait 1 a matsakaicin hoto, tana iya kaiwa 3 idan aka ƙara kyawun hoton. Na biyu sauƙin bi: shin sai ka kalli na baya kafin ka gane wannan, kuma sunaye nawa za ka riƙe a ka? Dukkansu da harshen Suwidin ko na Danmak aka yi su, saboda haka idonka zai rabu biyu tsakanin fuskar ɗan wasa da rubutun fassara a ƙasan allo. Na uku ƙarko, wato ko fim ɗin yana nan da ƙarfinsa bayan shekaru, kuma ko za ka so sake kallonsa bayan ka san mai laifi. Na huɗu haɗari: abin da ido zai gani na fyaɗe, tsiraici da jini.

Akwai na biyar da na fi ba nauyi, shi ne irin ɓarnar da fim ɗin ya tona. Danmak ta yi shekaru tana saman jerin ƙungiyar Transparency International na ƙasashen da ake ganin cin hanci ya yi ƙaranci, Suwidin ma ba ta nisa da ita. Don haka kada ka sa ran ganin ana miƙa ambulan a ƙarƙashin tebur. Cin amanar da waɗannan fina-finai suke nunawa da biro ake yin ta: rahoton likita da aka rubuta bisa umarni, fayil da aka rufe da wuri, lauya mai tsada da ya bayyana wa talakan da ba shi da kuɗin ɗaukarsa. Fim ɗin da ya fi nuna yadda hukuma take taka mutum alhali takardunta duka a kan ƙa'ida suke, shi ne ya fi a wurina.

The Girl Who Played with Fire da cikonsa

Daga littafi na biyu na Stieg Larsson aka ɗauko shi, ɗan jaridar da ya rasu a 2004 kafin littattafansa uku su fito tsakanin 2005 da 2007. Daniel Alfredson ne ya ba da umarni, Noomi Rapace ta dawo a matsayin Lisbeth Salander, Michael Nyqvist kuma ɗan jarida Mikael Blomkvist. Wani matashin ɗan jarida da budurwarsa mai binciken jami'a suna gab da fallasa masu safarar mata daga gabashin Turai zuwa Suwidin, da sunayen masu zuwa wurin matan, cikinsu har da 'yan sanda da masu riƙe da muƙami. Sai aka harbe su biyun. Bindigar ta Nils Bjurman ce, lauyan da hukuma ta naɗa waliyyin Lisbeth, wanda ya ci zarafinta a fim na farko, kuma zanen yatsunta na jikin bindigar. Shi ma aka tsinci gawarsa. Kafin gari ya waye hotonta ya cika jaridu.

Abin da ya ɗaga wannan labari sama da farautar mai kisa shi ne abin da yake bayan sunan Zala: tsohon ɗan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet da ya gudo Suwidin, wani ɓoyayyen reshe na hukumar tsaron cikin gida ya ɗauki nauyin kare shi ko me ya aikata. Don a rufe bakin Lisbeth tana yarinya 'yar shekara 12 da ta san halinsa, aka sa likitan ƙwaƙwalwa Peter Teleborian ya rubuta cewa ba ta da hankali, aka kulle ta a asibitin yara, aka riƙa ɗaure ta a gado. Suwidin ta san irin wannan reshe a zahiri. A 1973 'yan jarida Jan Guillou da Peter Bratt suka tona wata hukumar leƙen asiri mai suna IB da jama'a ba su san da ita ba, kuma su aka ɗaure saboda tonon. Larsson kansa yana cikin waɗanda suka kafa mujallar Expo a 1995 don bin diddigin masu tsattsauran ra'ayin ƙabilanci. Ya san duniyar da yake rubutawa a kai.

Matsalar ita ce tsada. Fim ɗin minti 129 ne, kuma yana tsayawa ne a tsakiyar hanya, jaruma kwance cikin jini, babu hukunci babu wankewa. Dole ka bi shi da na uku mai minti 147. Jimla sama da awa huɗu da rabi, wato kimanin gigabait 4 zuwa 5 a matsakaicin hoto. Idan ba ka kalli na farko ba, ƙara wasu minti 152, domin ba za ka gane dalilin ƙiyayyar Lisbeth da Bjurman ba, ko dalilin da ya sa Mikael ya tsaya kai da fata cewa ba ita ta yi kisan ba. Akwai kuma dogon sigar talabijin mai suna *Millennium*, kashi shida na minti 90 kowanne, wadda ta ci kyautar Emmy ta ƙasa da ƙasa a 2011. Ta fi cika, amma awa tara ce.

Wajen bi ma shi ya fi wahala. Sunaye sun yi yawa: 'yan sanda, masu gabatar da ƙara, tsofaffin jami'an asiri, 'yan dabar babura. Lisbeth da Mikael kusan ba sa haɗuwa ido da ido sai a ƙarshe, ta kwamfuta suke magana, kuma wanda haɗin gwiwarsu ya burge shi a fim na farko zai ji rashin. Tun asali don talabijin aka shirya na biyu da na uku, nasarar na farko ce ta sa aka kai su silima, kuma hakan yana nunawa a hoton: bai kai na farko kyau ba. Akwai wuraren da labarin ya zarce hankali, musamman ƙaton nan Niedermann da ba ya jin zafin duka, da abin da ya sami Lisbeth a gonar ƙarshe.

Duk da haka ladan haƙuri yana cikin na uku. Ranar shari'a Lisbeth ta shigo kotu cikin baƙaƙen kayan fata da ƙarafa, gashi a miƙe tsaye, fuska shafe da baƙin kwalli, daidai siffar da suka yi shekaru suna kafa hujja da ita cewa mahaukaciya ce. Lauyarta Annika Giannini, 'yar'uwar Mikael, ta bar Teleborian ya gama zuba bayaninsa cikin natsuwa irin ta masana, sannan ta fara warware shi takarda bayan takarda, har zuwa adadin kwanakin da ya sa aka ɗaure yarinyar a gado, 381. Ban san wani fage a cikin fina-finan nan duka da ya kai wannan sanyaya zuciya ba. Shi ne ƙarkon labarin, kuma shi ake komawa a sake kallo.

Haɗari: akwai fagen saduwa tsakanin mata biyu a na biyu, da hotunan matan da aka yi safararsu, kuma a na uku an nuna wa kotu wani ɓangare na bidiyon fyaɗen da aka yi wa Lisbeth.

The Absent One

Wannan shi ne na biyu a jerin Sashen Q, daga littattafan Jussi Adler-Olsen, sunansa na asali *Fasandræberne*. Mikkel Nørgaard ya ba da umarni, kuma Nikolaj Arcel da Rasmus Heisterberg da suka rubuta shi su ne suka rubuta fim ɗin Lisbeth na farko, shi ya sa ƙamshin ya zo ɗaya. Sashen Q ofis ne a ƙarƙashin ginin 'yan sandan Kwapanhagan inda ake jibge tsofaffin shari'o'in da suka gagara. Nikolaj Lie Kaas ne Carl Mørck, ɗan sanda mai baƙin rai da ba ya iya zama da mutane, Fares Fares kuma Assad, abokin aikinsa Musulmi mai haƙuri, wanda shi ke riƙe da linzamin Carl.

Wani tsohon ɗan sanda ya tare Carl da dare yana roƙonsa ya sake duba kisan 'ya'yansa tagwaye da aka yi a 1994. Carl ya yi masa kunnen uwar shegu. Bayan awanni mutumin ya kashe kansa, ya bar masa kwali cike da takardu. A takarda an gama shari'ar tuntuni: wani ya amsa laifi, ya yi 'yan shekaru kaɗan ya fito. Amma wa ya biya masa lauyan attajirai? Zaren ya kai ga wata makarantar kwana ta 'ya'yan masu hannu da shuni, da ɗalibanta na wancan lokaci da yanzu su ne manyan 'yan kasuwa, da wata mace, Kimmie, da ta kira 'yan sanda a daren kisan sannan ta ɓace shekara ashirin tana kwana a titi.

Wajen tsada ba shi da laifi: kusan awa biyu, gigabait 2, labari ya ƙare a cikinsa. Ba sai ka kalli na farko ba, minti goma sun isa ka gane waye Carl waye Assad. Shi ya fi sauƙin bi, domin tun da wuri ka san masu laifin, abin da ya rage shi ne yadda za a kai gare su. Wannan sauƙin kuma shi ne rauninsa. Miyagun, waɗanda Pilou Asbæk da David Dencik suka fito a matsayinsu, mugunta ce zalla daga sama har ƙasa, babu abin da za ka gano game da su a kallo na biyu. Kimmie ce kaɗai mai zurfi, domin an zalunce ta kuma ita ma ta yi zalunci da hannunta, kuma Danica Curcic ta riƙe matsayin da kyau.

Makarantar cikin fim ƙirƙira ce, amma a 2022 tashar TV 2 ta Danmak ta nuna wani shirin bincike kan cin zali da cin zarafi a Herlufsholm, ɗaya daga tsofaffin makarantun kwana na manya a ƙasar. Shugaban makarantar ya rasa kujerarsa, gidan sarauta kuma ya cire Yarima Christian daga can. Wannan ya ƙara wa fim ɗin nauyin da bai da shi a 2014.

A ma'aunin haɗari shi ne mafi tsanani cikin ukun. Ana yawan komawa baya a nuna matasa suna dukan mutane da yi musu fyaɗe don nishaɗi, kuma kyamara ba ta saurin kau da kai. A ganina an wuce abin da labarin yake buƙata. Wanda irin wannan ya taɓa shafarsa ko ya shafi nasa, ya bar wannan fim.

Journal 64

Na huɗu ne a jerin, Christoffer Boe ya ba da umarni, kuma shi ne na ƙarshe da Lie Kaas da Fares Fares suka yi tare. Magina suna gyaran wani tsohon gida a Kwapanhagan suka fasa bango, sai ga ɗaki a ɓoye: gawarwaki uku da suka bushe, a zaune kewaye da teburin cin abinci da aka shirya tsaf, ga kujera ta huɗu babu kowa a kai. Wa aka tanadar wa ita? Assad kuma saura mako guda ya bar sashen zuwa wani aiki, Carl ya kasa buɗe baki ya ce masa ya zauna.

Binciken ya kai su tsibirin Sprogø, kuma a nan fim ɗin ya taka ƙasa mai tauri, domin wurin gaskiya ne. Ƙaramin tsibiri ne a mashigin Storebælt, yau babbar gadar da ta haɗa gabashi da yammacin Danmak ta bi ta kansa. Daga 1923 zuwa 1961 akwai gidan da ake tsare 'yan mata da matan da hukuma ta yi wa tambarin raunin hankali ko lalacewar tarbiyya. Da yawansu talauci ne laifinsu, ko cikin shege, ko kuma su aka ci zarafi. Ba kotu ce ta yanke musu wa'adi ba, saboda haka babu ranar fita, kuma sau da yawa hanyar barin tsibirin ita ce a yi wa mace aikin hana haihuwa na har abada. Danmak ta kafa dokar yin wannan aiki a 1929, kuma zuwa 1967 an yi wa mutum kusan 11,000. A Suwidin adadin ya kai kusan 63,000 tsakanin 1935 da 1975. Likitoci ne suka sa hannu, majalisa ce ta amince, kuma an yi shi da sunan kyautata al'umma.

Fim ɗin yana bin wata yarinya, Nete, da aka kai tsibirin a 1961, da likita Curt Wad da ta faɗa hannunsa. Sannan ya ƙirƙiri ci-gaban abin a yau: wata ƙungiyar asiri ta likitoci da masu faɗa a ji da ke yi wa 'yan matan baƙin haure aikin ba da saninsu ba. Ta nan labarin ya shigo gidan Assad, domin ɗaya daga cikin 'yan matan 'yar unguwarsu ce da ya sani. Wannan ɓangare na zamani ƙirƙira ne, kuma ƙarshensa ya ɗan koma irin na fina-finan harbe-harbe. Amma bayan fitowar fim ɗin, a 2022, 'yan jarida suka tona yadda aka sanya wa mata da 'yan matan Girinlan, yankin da ke ƙarƙashin Danmak, kusan 4,500 na'urar hana ɗaukar ciki daga shekarun 1960, da yawa ba da yardarsu ba, har Firaminista Mette Frederiksen ta nemi gafara a 2025. A 2023 ma gwamnati ta nemi gafarar waɗanda aka tsare a gidaje irin na Sprogø. Shekaru ƙara masa gaskiya suke yi, kuma wannan shi ne ƙarkon da nake nufi.

Tsadarsa ɗaya da *The Absent One*, kusan awa biyu. Yana tsayawa da kansa, ko da yake rabuwar Carl da Assad za ta fi taɓa wanda ya san su tun baya. Bin sa yana son natsuwa kaɗan saboda ana kai da komo tsakanin 1961 da yau, kuma akwai mata uku da ya kamata ka riƙe fuskokinsu. Akwai fyaɗe, akwai zubar da ciki na dole, akwai tsiraici, amma an fi jingina tsoron a kan farar rigar likita da ƙofar da aka kulle.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Played with Fire da cikonsa | The Absent One | Journal 64 |
|---|---|---|---|
| Ƙasa da shekara | Suwidin, 2009 | Danmak, 2014 | Danmak, 2018 |
| Tsawo | minti 129 da 147 | kusan awa 2 | kusan awa 2 |
| Data a matsakaicin hoto | gigabait 4 zuwa 5 | kusan 2 | kusan 2 |
| Sai an kalli na baya? | Dole | A'a | A'a, amma ya fi daɗi |
| Sauƙin bi | Mai wuya | Mai sauƙi | Matsakaici |
| Masu ɓarnar | Jami'an asiri da likita | Attajirai da lauyoyinsu | Likitoci da doka |
| Nauyin abin gani | Mai yawa | Mafi tsanani | Mai yawa |
| Sake kallo | Fagen kotu | Da wuya | Ya cancanta |

Game da kuɗi: a shagunan haya na intanet irin su Apple TV da Prime Video tsofaffin fina-finai irin waɗannan 'yan daloli ne, amma abin da ke akwai ya danganta da ƙasar da kake, don haka ka bincika sunan fim ɗin kafin ka biya kuɗin wata. Kwafin da ake turawa a waya sau da yawa fassararsa ba ta tafiya daidai da magana, kuma a fim ɗin da hujjarsa take cikin rahoton likita da tambayoyin lauya, fassara mara kyau ta kashe shi gaba ɗaya. Ka kuma lura da suna. *The Girl in the Spider's Web* na 2018, da Claire Foy, fim ne na Turanci daga littafin David Lagercrantz, ba ci-gaban na Noomi Rapace ba ne. *The Marco Effect* na 2021 ya canza 'yan wasa, Ulrich Thomsen ne Carl. *Dept. Q* na Netflix na 2025 kuwa an mayar da labarin Edinburgh ta Sikotland.

Wa ya dace da wanne

Idan dare ɗaya gare ka da data ƙididdigagga, kuma kana son ka tashi da sanin wani abu da ya faru da mutane na gaske, ɗauki *Journal 64*. Shi nake ba wa mafi yawan masu tambaya, musamman ma'aikatan lafiya, ɗaliban shari'a, da duk mai aiki da marayu ko matan da ba su da mai tsaya musu.

Idan ka riga ka kalli fim ɗin Lisbeth na farko kuma ita ce ta riƙe ka, kada ka tsaya wani wuri: nemi na biyu da na uku tare, ka ware musu dare biyu a jere kafin sunayen su zube maka. Ɗan jarida da mai sha'awar yadda hukumomin tsaro suke kare kansu su ma nan ne wurinsu, kuma in da hali su nemi dogon sigar talabijin. Wanda bai kalli na farko ba, ko ba zai iya ba da awa bakwai ba, ya dakata tukuna.

*The Absent One* na mai son farauta ce kai tsaye, wanda karanta fassara ke gajiyar da shi kuma yake son labari mai hanya ɗaya, muddin zuciyarsa na ɗaukar ganin duka da fyaɗe a fili. Mai son Carl da Assad amma yana gudun wannan tsanani, ya tsallake zuwa na uku a jerin, *A Conspiracy of Faith* na 2016, inda batun ya koma satar yara a cikin wasu ƙungiyoyin addini, kuma su biyun suke muhawara kan imani, Assad mai salla da Carl da bai yarda da komai ba.

Babu ɗaya a cikinsu da za a kunna a falo yara na zaune, ko a gaban iyaye da surukai. Mai neman abin kallo da iyali ya nemi wani fannin daban.